Launin hoto a fayil ɗin RAW: Abin da kyamara ke ajiyewa da yadda manhajojin gyara ke karanta shi

Duk wanda ya saba ɗaukar hoto da babbar kyamara a tsarin RAW, ya kuma buɗe shi a manhaja irin su Lightroom, ya san abin da kan faru cikin daƙiƙoƙin farko. Hoton kan fito da kyansa kamar yadda aka gan shi a bayan kyamara, sai kuma nan take ya sauya kama: ja ya dusashe, shuɗi ya karkata, inuwa ta yi haske. Idan ma an saita kyamarar a kan fari da baƙi, sai a ga launuka sun dawo gaba ɗaya. Mutane da yawa kan ɗauka fayil ɗin ya lalace, ko kuwa manhajar ta yi watsi da launin da kyamara ta ajiye.

Gaskiyar al'amari ita ce fayil ɗin RAW ba ya ɗauke da launin da aka kammala. Abin da ke cikinsa ma'aunin haske ne zalla, tare da wasu bayanai na rakiya, kuma kowace manhaja ita ke zaɓen waɗanda za ta yi aiki da su da waɗanda za ta tsallake. Sanin wannan yana da amfani ga ɗan kasuwar da ke tallata shadda ko atamfa ta WhatsApp da Instagram, wanda saɓanin launi kaɗan kan sa a maido masa da kaya, haka nan ga jami'in yaɗa labarai da zai miƙa hotunan taro ga maɗaba'a.

Abin da ke cikin fayil ɗin RAW

A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske da ake kira sensa. Miliyoyin ƙananan idanu ne a jere a kansa, kuma kowane ido yawan hasken da ya faɗa masa kawai yake ƙirgawa, bai san launi ba. Domin a samu launi, sai aka lulluɓe idanun da matatai iri uku: ja, kore da shuɗi. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, aka yi masa rajistar mallaka a Amurka a shekarar 1976. A wannan tsari, cikin kowane idanu huɗu biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, saboda idon ɗan Adam ya fi jin kore. Ke nan kyamara mai idanu miliyan 24 tana da kore miliyan 12, ja miliyan 6, shuɗi miliyan 6.

Fayil ɗin RAW waɗannan ƙididdiga ne kusan yadda suka fito daga sensa. Galibin kyamarori kan ajiye su a bit 12 ko 14, wato matakan haske 4,096 ko 16,384, alhali hoton JPEG na yau da kullum bit 8 ne, matakai 256 ga kowane launi. Wannan yalwa ce ta sa ƙwararru ke son RAW, domin akwai sararin gyara ba tare da hoton ya farfashe ba. Kowane kamfani da nasa salon ajiya: Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF, Panasonic kuma RW2.

Abin lura a nan shi ne jan da sensar Canon ke gani ba daidai yake da na sensar Sony ba, domin rinin matatansu ya bambanta. Kuma babu ɗayansu da ke ganin launi daidai da idon mutum. Saboda haka lambobin RAW sai an fassara su kafin su zama launi.

Mene ne furofayil ɗin launi?

A kwamfuta, kowane launi lambobi uku ne: na ja, na kore, na shuɗi. Amma lamba ita kaɗai ba ta wadatar. Idan mai saye ya ce a yanko masa biyar, dole mai kanti ya san yadi ake nufi ko mita, domin yadi bai kai mita ba. Haka launi yake. Jan da ya fi kowane ƙarfi a ma'aunin sRGB ana rubuta shi 255, 0, 0. Wannan jan dai a ma'aunin Adobe RGB kusan 219, 0, 0 ne. Furofayil shi ne bayanin da ke gaya wa manhaja da wane ma'auni aka rubuta lambobin.

Domin a samu daidaito, kamfanoni takwas, ciki har da Adobe, Apple, Kodak da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC a shekarar 1993, wadda ta fitar da salon furofayil ɗin da ake liƙa wa hotunan JPEG da TIFF har yau. Tushen lissafin kuwa ya girmi kwamfuta: tun a 1931 hukumar CIE mai kula da ma'aunin haske ta fitar da tsarin XYZ, wanda ke siffanta launi bisa yadda idon mutum ke ganinsa. Kowane furofayil gada ce tsakanin lambobin wata na'ura da wannan ma'auni na bai ɗaya.

Filayen launi uku ne mai gyaran hoto zai fi cin karo da su. Na farko sRGB, wanda HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, shi ne mafi ƙanƙanta kuma shi ne harshen intanet. Na biyu Adobe RGB na 1998, wanda ya fi faɗi ta ɓangaren kore da shuɗi mai ratsin kore. Na uku ProPhoto RGB na Kodak, mai faɗin da har ya ƙunshi wasu lambobi da ba su dace da kowane launi da ido ke iya gani ba.

Abubuwa huɗu da kyamara ke liƙawa

Idan ana maganar launin da ke cikin fayil ɗin RAW, a zahiri abubuwa huɗu daban-daban ake haɗawa wuri guda, kuma rikicin daga nan yake tasowa.

Na farko shi ne zaɓin sRGB ko Adobe RGB da ke cikin saitin kyamara. Wannan zaɓi bai taɓa lambobin sensa ko kaɗan. Hoton JPEG kawai ya shafa, sai kuma wata ƙaramar alama da ake rubutawa a bayanan rakiya. Ana iya gane shi daga sunan fayil: idan an zaɓi Adobe RGB, sunan kan fara da ɗan layin ƙasa, ta yadda IMG_ na Canon ke komawa _MG_, DSC_ na Nikon kuma ya koma _DSC. Lightroom da takwarorinta ba su damu da wannan alama ba.

Na biyu shi ne hoton dubawa. A cikin kowane fayil ɗin RAW kyamara kan cusa cikakken hoton JPEG da ta riga ta dafa da kanta. Shi ne ake gani a bayan kyamara, shi ne kuma manhaja ke fara nunawa kafin ta gama nata lissafin. Sauyin da ake gani a daƙiƙoƙin farko lokacin da aka janye wannan hoto ne aka maye gurbinsa da fassarar manhajar. Jadawalin haske da kyamara ke nunawa ma daga wannan hoto ake ɗauko shi, shi ya sa wani lokaci kyamara kan nuna farar riga ta ƙone da haske, amma a RAW a tarar saƙarta na nan.

Na uku shi ne salon hoto, wanda Canon ke kira Picture Style, Nikon ke kira Picture Control, Fujifilm kuma Film Simulation. A nan ne ake zaɓen ƙarfin launi, kaifin hoto, ko fari da baƙi. Sunan salon da matakansa kawai ake rubutawa, a wani sashe na bayanan rakiya da kowane kamfani ya keɓe wa kansa. Ainihin lissafin da ke mayar da wannan suna ya zama launi sirrin kamfani ne, yana cikin kyamarar da kuma manhajar kamfanin.

Na huɗu shi ne daidaiton fari, wato lambobin da kyamara ta auna domin farin abu ya fito fari, ko a rana aka ɗauka ko a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Wannan ne kaɗai kusan dukkan manhajoji ke karantawa su yi aiki da shi. Har rigima an taɓa yi a kansa: a shekarar 2005 Thomas Knoll, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Photoshop, ya bayyana cewa Nikon ta kulle wannan bayani a fayilolin kyamararta D2X. Masu ɗaukar hoto suka yi ca, suna tambayar wa ya mallaki abin da ke cikin hotonsu. Kafin shekarar ta ƙare kamfanonin biyu suka daidaita, Nikon ta ba da hanyar karanta bayanin.

Matakan da manhaja ke bi

Duk da bambancin da ke tsakaninsu, manhajojin RAW hanya ɗaya suke bi a dunƙule. Da farko manhaja kan duba sunan kyamarar a bayanan rakiya, domin shi ne mabuɗin komai. Sai ta yi amfani da daidaiton fari. Sai ta cike giɓi: tunda kowane ido launi ɗaya ya gani, sauran biyun daga maƙwabtansa ake ƙiyasta su. Sannan ta ɗauko furofayil ɗin wannan kyamara daga rumbunta, ta juya lambobin sensa zuwa ma'aunin XYZ, daga nan zuwa wani faffaɗan filin aiki. A ƙarshe ta ɗora lanƙwasar haske da ke sa hoto ya yi armashi, domin lambobin sensa idan aka nuna su kai tsaye duhu ne da su, ba su da ƙarfi.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar lamarin. Furofayil ɗin da ke fassara fayil ɗin NEF ko CR3 daga rumbun manhaja yake fitowa. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar manhaja kan ƙi buɗe hoton sabuwar kyamara, ko da salon fayil ɗin bai sauya ba: ba ta da ma'aunin wannan sensa. Matsala ce da ofisoshi masu amfani da tsofaffin kwamfutoci kan fuskanta duk lokacin da aka sayo sabuwar kyamara.

Mafi sauƙin furofayil jadawali ne na lambobi tara, uku sau uku, da ke faɗin yadda za a gauraya ja, kore da shuɗin sensa a samu na ido. Da yake sensa ba ta gani daidai da ido, babu jadawalin da zai gyara dukkan launuka lokaci guda. Idan aka daidaita fatar mutum, shunayya na iya zamewa ta koma shuɗi. Saboda haka manyan furofayil kan ƙara dogon jadawali na gyare-gyare ga launuka ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne ra'ayin kowane kamfani ke shigowa.

Yadda manhajoji suka bambanta

Manhajojin masu ƙera kyamara, wato Digital Photo Professional ta Canon, NX Studio ta Nikon da Imaging Edge ta Sony, su ne ke karanta dukkan bayanan kamfaninsu. Suna fitar da hoto kusan daidai da wanda aka gani a bayan kyamara, har da salon da aka zaɓa. Kyauta ake sauke su. Wanda burinsa launin kyamara sak, nan ya fi dacewa ya fara.

Adobe, mai Camera Raw da ta fito a 2003 da Lightroom da ta fito a 2007, da kanta take auna kowace kyamara ta haɗa mata furofayil a salon da ake kira DCP. Abin da ya bambanta wannan salo shi ne ma'auni biyu yake ɗauke da su: ɗaya na hasken ƙwan lantarki mai zare, digiri 2,856 a ma'aunin Kelvin, ɗaya na hasken rana, kimanin 6,500. Manhajar kan duba daidaiton farin hoton ta gauraya ma'aunan biyu gwargwadon inda hasken ya faɗa. Tun 2018 furofayil ɗin da take fara ɗorawa shi ne Adobe Color. Akwai kuma rukunin Camera Matching, wanda kwaikwayo ne da Adobe ta yi na salon kowane kamfani. Daga 2020 aka ƙara wani zaɓi a saitin Lightroom Classic mai suna Camera Settings. Idan aka kunna shi, manhajar kan karanta sunan salon da aka zaɓa a kyamara ta ɗora kwaikwayon da ya dace da shi. Kusanci ake samu mai kyau, ko da yake ba lallai ya zama daidai ɗari bisa ɗari ba.

Capture One ta ƙasar Denmark furofayil ɗin ICC take amfani da shi, wanda ita ma da kanta take haɗa wa kowace kyamara. Cikin manhajojin kyauta, RawTherapee na karɓar DCP da ICC duka biyu, darktable kuwa kan fara da jadawalin lambobi tara, ta bar wa mai gyara sauran aikin. Shi ya sa hoto ɗaya kan fito da fuska huɗu a manhajoji huɗu, kuma babu wadda ta yi kuskure a cikinsu.

DNG: inda furofayil ke cikin fayil da gaske

A shekarar 2004 Adobe ta fito da DNG, salon RAW da aka wallafa ƙa'idojinsa a fili domin kowa ya iya karantawa. Ƙa'idar ta wajabta cewa duk fayil mai launi ya ƙunshi jadawalin da ke haɗa sensarsa da ma'aunin XYZ, kuma daga 2008 aka ba da damar cusa cikakken furofayil. Kyamarorin Leica, Pentax da Ricoh na ajiye DNG kai tsaye. Haka wayoyin Android da dama, tun daga Android 5.0 na 2014, da kuma ProRAW da Apple ta fara da iPhone 12 Pro a 2020.

A nan ne maganar furofayil ɗin da ke cikin RAW ta zama gaskiya a zahiri. Idan manhajar Adobe ba ta da nata ma'aunin wannan kyamara, da na cikin fayil ɗin za ta yi aiki. Idan tana da shi, sai na cikin fayil ya bayyana a jerin zaɓi, mai gyara ya ɗauki wanda ya so. Ita ma darktable kan ɗauki jadawalin da ke cikin DNG. Wannan ne kuma ya sa manhajar DNG Converter, wadda Adobe ke bayarwa kyauta, ta zama mafita ga mai tsohuwar manhaja: tana juya fayil ɗin sabuwar kyamara zuwa DNG tare da ma'auninsa a ciki. Sai dai manhajar Canon ko ta Nikon ba ta buɗe abin da aka juya, don haka ya kamata a adana fayil na asali.

Fitar da hoto: inda aka fi yin asara

Gyaran RAW ba ya taɓa lambobin sensa. Umarni ne ake rubutawa a gefe, a kundin manhaja ko a wani ƙaramin fayil mai ƙarshen XMP. Hoto na gaske yana samuwa ne lokacin da aka fitar da shi a matsayin JPEG ko TIFF, kuma a lokacin ne ake zaɓa masa filin launi a liƙa masa furofayil ɗin ICC. Lightroom a cikin faɗin ProPhoto take aiki, sai a ƙofar fita take matse launuka zuwa filin da aka zaɓa.

Daga nan dokar ta sauya. Idan Photoshop ta buɗe JPEG ko TIFF, furofayil ɗin da ke ciki abin biyayya ne, kuma saitinta na launi ya ba da zaɓi uku: a riƙe shi, a juya hoton zuwa filin aikin manhajar, ko a yi watsi da shi. Riƙewa shi ne mafi aminci. Akwai kuma umarni biyu da ake yawan rikitawa. Assign Profile yana barin lambobi yadda suke ya sauya musu ma'auni, don haka launi kan sauya. Amfaninsa gyara hoton da ya zo ba alama. Convert to Profile yana sauya lambobin domin launi ya tsaya yadda yake, kuma shi ake bukata idan za a mayar da hoto daga Adobe RGB zuwa sRGB.

Hoton da aka fitar a Adobe RGB ko ProPhoto, idan ya isa wurin da ba a karanta furofayil ɗinsa ba, ko aka cire shi yayin matse hoton, za a karanta lambobinsa kamar na sRGB ne. Sakamakon shi ne launi ya kwanta: jar atamfa ta yi kama da wadda ta sha wanki, fatar mutum ta yi toka-toka. Saboda haka duk hoton da zai tafi waya, shafin intanet ko takardar ofis, a fitar da shi a sRGB tare da furofayil ɗinsa. Wanda zai tafi maɗaba'a kuwa, a tambayi masu bugawa abin da suke so kafin a aika, domin su tawada huɗu suke amfani da ita, kuma akwai shuɗi da kore masu ƙarfi da tawada ba ta iya kaiwa gare su.

Haɗa furofayil na kai

Ga wanda sana'arsa ta dogara da launi sak, kamar mai sayar da yadi, fenti ko kayan fata, akwai hanyar da ta fi dogaro da zaɓin kamfani. Ana amfani da wani allo mai murabba'ai 24 na launuka da aka san ma'auninsu, mai suna ColorChecker, wanda aka fara fitarwa a 1976. Ana ɗaukar hotonsa a RAW a cikin hasken da za a ɗauki kayan, sai manhajar da ke zuwa da shi ta kwatanta abin da sensa ta gani da abin da ya kamata, ta haɗa furofayil na wannan kyamara a wannan haske. Ya fi amfani a shagunan da ke da fitilun LED ko dogayen ƙwayaye, waɗanda haskensu bai yi kama da na rana ko na ƙwai mai zare ba, wato hasken da aka auna furofayil ɗin kamfani da shi.

Wanda ba shi da wannan allo zai iya rage matsalar da kati mai ruwan toka, ya ɗauki hotonsa tare da kayan, ya daidaita fari a kansa. Zai kuma taimaka a guji haɗa haske iri biyu, kamar na taga da na fitila, domin babu furofayil ɗin da zai gyara duka biyun a hoto ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne allon da ake duba hoton. Shi ma yana da nasa furofayil, kuma idan allon kwamfutar mai gyara ya karkata zuwa shuɗi, duk gyaran da zai yi zai karkata zuwa ɗorawa ba tare da ya sani ba. Akwai ƙananan na'urori da ake ɗorawa a kan allo su auna shi su gyara. Wayar mai saye kuwa ba ta hannun kowa, shi ya sa ɗan kasuwa mai lura kan rubuta sunan launin kayansa a ƙarƙashin hoton, ya kuma duba hoton a wayoyi biyu ko uku kafin ya tura wa jama'a.